Agogon Baba a Zangon Jamus

Fataken da, masu zuwa Gwanja sayo goro, ba su taɓa ɗaukar zango a matsayin wurin hutu kaɗai ba. A zango ake duba kaya, a ƙirga jakuna, a tambayi labarin hanyar da ke gaba. Wanda duk ya shantake ya yi barci mai nauyi, sai ya farka ya tarar ayari ya tashi. Wannan duk mun karanta a darasin al'ada, har na rubuta shi a jarrabawa, amma ban san ma'anarsa sosai ba sai ran da na tsinci kaina a wani zango na zamani cikin ƙasar Jamus.

A watan Yuli na 2023 aka zaɓe ni cikin wani shirin musayar ɗalibai, in je wata jami'a a Amurka in yi mako shida. Ban taɓa shiga jirgin sama ba. Tikitina ya nuna zan tashi daga Abuja da dare, in sauka Farankfot da asuba, in jira wajen awa biyar, sa'an nan in shiga wani jirgin ya tsallaka da ni Tekun Atlantika zuwa Shikago. Ran da zan bar gida mahaifina ya kwance agogon hannunsa ya ɗaura mini, ya ce, "Matambayi ba ya ɓata." Na ce to, amma a zuci ina cewa ai mai jin Turanci ba ya bukatar tambaya.

Ya kai mai karatu, in ba ka taɓa yin irin wannan tafiya ba, bari in bayyana maka yadda zangon yake. Ka sauka a ƙasar mutane, amma ba ka shiga ƙasar ba. Mai fasfon Nijeriya da ke riƙe da bizar Amurka an yarda masa ya ratsa ta filin jirgin, amma ba shi da ikon leƙa waje sai da wata biza dabam. Babban akwatinka kuwa ba ka ganinsa, ma'aikata ne ke ɗauke shi daga wannan jirgi zuwa wancan. Abin da ya rage maka shi ne ka kai kanka ƙofar jirgi na biyu cikin lokaci. In ka makara, ba gidan kowa da za ka kwana sai kan kujera, kuma mai yiwuwa sai ka biya kuɗin sabon tikiti, abin da ko an sayar da ni ba zan iya ba.

Da muka sauka na ciro wayata, sai na ga ta mutu. Na nemi soket na samu, amma cajata mai ƙafa uku ce irin tamu, nasu kuwa ramuka biyu ne zagayayyu. Na ce ba kome, ga agogon Baba. Na sami wani lungu na yi alwala, na tashi yin salla, sai wata matsala ta taso: ina gabas? Mu Hausawa kalma ɗaya muke yi wa mafitar rana da alƙibla. A Jamus kuwa Makka tana kudu maso gabas ne. Sai da na ga wani Baturke yana salla na bi sahunsa. Da ina da wayo, da tun nan na gane cewa inda gabas ta kauce, to, wani abin ma yana iya kaucewa.

Maimakon haka sai na miƙe ƙafa na shiga tunani irin na ɗan jami'a. Na tuna Dorugu, yaron nan na ƙasar Damagaram wanda Heinrich Barth, watau Abdulkarim, ya tafi da shi Turai a 1855, wanda labarinsa ya fito cikin littafin Magana Hausa na Schön a 1885. Shi a kan raƙumi ya ratsa Sahara wata da watanni, ni kuwa cikin dare ɗaya na tsallake ta ina barci. Ina ta jin daɗin wannan kwatanci, har ina shirya yadda zan ba abokai labari, gyangyaɗi ya ɗauke ni.

Taɓa ni aka yi na farka. Wata dattijuwa ce da muka taso tare daga Abuja, Bakatsiniya, za ta Shikago wankan jegon ɗiyarta. Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Tun saukarmu na lura duk wanda ta gani da rigar aiki sai ta miƙa masa takardarta, har na yi mata dariya a raina. Hulata ta gani ta nufo ni.

Ta ce, "Ɗan nan, duba mini wannan takarda. Yaushe za mu tashi?"

Na duba, jirginmu ɗaya. Na ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki. Sai goma da rabi, yanzu kuwa tara ta yi. Zauna ki huta."

Ta dube ni, ta ce, "To, ni dai ban yi boko ba, amma na san agogo. Wancan na jikin bango fa, ƙarya yake yi?"

Na ɗaga kai. Ƙarfe goma daidai. Gabana ya yanke ya faɗi.

Ga abin da ya faru. Da hunturu lokacin Jamus da na Nijeriya ɗaya ne. Amma daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba sukan tura agogonsu gaba da awa guda, don su ci moriyar doguwar ranar bazara. Lokacin da ke kan tikiti kuwa kullum na garin da jirgi zai tashi ne. Agogon Baba bai yi ƙarya ba, lokacin Kano yake faɗa mini, ni kuwa ba a Kano nake ba. Agogunan filin suna ko'ina, ban ɗaga ido na dubi ko ɗaya ba, don na yarda da abin da ke hannuna.

Na saɓa jakar Hajiya bisa tawa muka ranta a na kare, in dai tafiyar tsohuwa mai ciwon gwiwa za a kira gudu. Ƙofarmu tana can wani ɓangare mai harafin Z. A ranar na yi tambayar da ban yi ba tun safe. Wani ya nuna mana ƙaramin jirgin ƙasa marar direba mai kai mutane ɓangare zuwa ɓangare. Muka zo wurin bincike, aka sa na cire ɗamara da agogo, aka karɓe gorar ruwan Hajiya, don a layin ba a wucewa da ruwan da ya fi mililita 100. A bakin ƙofa kuma aka tsare mu da tambayoyin da ake yi wa masu shiga Amurka: wa ya haɗa maka kaya, wurin wa za ka? Ni na yi mata tafinta, muryata tana rawa. Mu ne na ƙarshe da suka shiga.

Awa tara muka yi a sama, amma da muka sauka Shikago rana ba ta daɗe da yin tsaka ba, don suna bayan Jamus da awa bakwai. Wannan karon tun jirgi bai tsaya ba na tambayi ma'aikaciya lokaci, na gyara agogo.

Abin da ya fi tsaya mini a rai ba kuɗin da na kusa asara ba ne. Kalmar nan ce da na faɗa da cikakken ƙarfin hali: "Zauna ki huta." Da ta yarda da ni don ganin ni ɗan makaranta ne, da na kwanar da tsohuwa a kan kujera a ƙasar da ba ta san kowa ba, ɗiyarta na can na jira da jariri. Mu ɗalibai mukan yi haka da yawa: a tambaye mu abu, kunyar cewa bari in duba ta sa mu ba da amsa. Da muka rabu a Shikago ta sa mini albarka, ta ba ni ƙullin dakakken yaji, ta ce, "Ka gai da mai agogo."

Na kuwa gaishe shi. Da na ba shi labari bai ce kome ba, sai ya yi murmushi ya ce in riƙe agogon.