Jariran Kwalba a Filin Wasa

Ran nan ina duba littattafai a laburaren kwalejinmu, ina neman abin da zan koya wa yara game da Amurka, sai na ci karo da labarin wani wuri da ake kira Coney Island. Tun daga ranar abin bai fita raina ba, don haka na ce bari in ba 'yan'uwana labari.

Shi wannan wuri yana bakin teku ne, a gefen birnin New York. A nan ne a shekarar 1884 wani mutum, LaMarcus Thompson, ya kafa ɗan jirgi bisa dogo, yana hawa tudu yana gangarowa. Gudunsa bai fi mil 6 a awa ba, ko keke ya fi shi sauri, amma jama'a suka yi ta tururuwa suna biyan santi 5 don su hau. A 1897 George Tilyou ya buɗe filin Steeplechase, inda ake sukuwa bisa dawakin wasa masu gudu kan ƙarfe. A 1903 aka buɗe Luna Park, aka ƙawata shi da ƙwan lantarki wajen 250,000, dare ya koma kamar rana. Akwai ɗakin da mutum zai shiga, a girgiza shi, a nuna masa zane-zane, ya ji kamar ya tafi duniyar wata. Bayan shekara guda kuma sai ga Dreamland.

To, duk wannan wasa ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, a tsakiyar wannan hayaniya akwai wani ɗaki cike da jarirai bakwaini. Wani mutum, Martin Couney, shi ya sa su cikin kwalabe masu ɗumi, ya ɗauki mata masu jinya da masu shayarwa suna lura da su dare da rana. A zamanin nan asibitoci da yawa ba su da irin wannan kwalba, bakwaini kuwa sai a bar shi ga ikon Allah. Mai son kallo ya biya santi 25, da kuɗin nan ake renon jariran. Iyaye ba sa biyan ko anini, kuma ba a zaɓen baƙi ko fari. Ya yi wannan aiki daga 1903 har 1943, shi da kansa ya ce cikin jarirai wajen 8,000 da aka kawo masa, kusan 6,500 sun rayu.

Da na karanta haka sai na tuna da ƙanwata. Ina ɗan shekara tara, ina makarantar mishan, Inna ta haife ta wata bakwai. Kaka ta naɗe ta cikin auduga, aka hura wuta a ɗaki, ana ɗiga mata nono da cokali. Kwana shida ta yi a duniya, ko suna ba a yi ba. Na tambayi kaina, da akwai Couney a garinmu, da Baba zai yarda a sa 'yarsa inda 'yan kallo za su leƙa ta suna cin gyaɗa? Na san kunyarsa, amma ina ji da ya yarda, ni ma da na roƙe shi ya yarda.

Amma kada mu yi saurin yabon wurin. A wannan Luna Park ɗin, a 1905, an kawo mutanen ƙabilar Igorot daga ƙasar Filifin, aka killace su, ana biya ana kallonsu suna cin naman kare, wai ga mutanen daji. Wanda ya kawo su, Truman Hunt, ya cinye musu kuɗi. Watau ƙofa ɗaya ce, 'yan kallo ɗaya ne, kuɗinsu ya raya waɗansu, ya ci mutuncin waɗansu.

Mun yi gardama da abokin ɗakina har aka kashe fitila. Shi ya ce kallon ɗan Adam don kuɗi wulaƙanci ne ko da wace niyya. Na kasa ƙaryata shi, amma na ce shi bai taɓa riƙe bakwaini a tafin hannunsa ba. Ni a ganina babban abin kunyar yana kan asibitocin da suka bar aikinsu, har mai wasa ya ɗauka.

Filayen nan uku duk sun shuɗe. Gobara ta cinye Dreamland a 1911, ta ci Luna Park a 1944, aka rufe Steeplechase a 1964. Kwalbar kuwa ta shiga asibiti, inda ya kamata ta zauna tun farko.

Mako mai zuwa zan fita gwajin koyarwa, na kuwa ƙudura zan ba yara labarin duka, da fitilu, da jarirai, da mutanen Igorot, sa'an nan in tambaye su abin da suka gani. Allah ya jiƙan ƙanwata, ya kuma sa mu zama malamai masu ganin mutuncin kowa, amin.