Na je kallon tsofaffin jiragen ƙasa a Ingila, na dawo da tunanin kakana

Jama'a, yau ba siyasa zan yi ba. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, abin ne ya tsaya min a rai tun ranar Asabar.

Wani abokina da muke zaune gari ɗaya a nan Ingila ne ya matsa sai na raka shi ya kai yaransa Didcot, wani ƙaramin gari kusa da Oxford, wai akwai wurin da ake gyara tsofaffin kawunan jirgin ƙasa masu aiki da kwal da tururi. Gaskiya don kunya na bi shi. A raina cewa nake yi, Turawa dai ba sa rasa abin ɓata lokaci, mutum ya biya kuɗinsa ya je kallon tsohon ƙarfe.

Ta cikin tashar jirgin zamani ake shiga wurin. Ka bi ta ƙarƙashin dogo, ka hau matakala, sai ga ka a gaban wata doguwar rumfa ta jan bulo da aka gina a 1932, lokacin kamfanin Great Western Railway. Ko'ina warin kwal da baƙin mai. Kawunan jirgi ne jere a ciki, wasu sai ƙyalli suke yi kamar jiya aka ƙera su, wasu kuma an tuɓe su kaf, tukunya a nan, ƙafafu a can.

Yadda wurin ya samo asali ya ba ni mamaki. A 1961 wasu 'yan makaranta su huɗu suka ga ana ta kai jiragen tururi wajen 'yan gwangwan, sai suka rubuta wa wata mujallar harkar jiragen ƙasa wasiƙa suna neman gudummawa don su sayi ƙaramin kan jirgi guda ɗaya, mai lamba 1466. Yara fa! A 1964 suka saye shi, a 1967 ƙungiyar da ta taso daga wannan yunƙuri ta tare a rumfar Didcot. Shekara ɗaya bayan nan, a watan Agustan 1968, hukumar jiragen ƙasa ta Birtaniya ta daina aiki da tururi a manyan layukanta.

Da yawa daga cikin jiragen da suka tsira a ƙasar nan daga fili ɗaya aka kwaso su, filin wani ɗan gwangwan mai suna Dai Woodham a garin Barry da ke Wales. Shi sana'arsa yake yi. Ya ga yanka taragu ya fi sauƙi, sai ya bar kawunan jirgi a gefe suna cin tsatsa, har masu sha'awa suka riƙa tara kuɗi suna saye ɗaya bayan ɗaya. Guda 213 suka fita daga filin ba a yanka su ba. A cikinsu akwai wani ƙato mai suna King Edward II, ƙirar 1930. An ma riga an yanke masa manyan ƙafafunsa na baya da wutar walda, kowa ya ce wannan kam ya tafi ke nan. Aka kawo shi Didcot a 1990, aka zuba masa sababbin ƙafafu, bai motsa da kansa ba sai 2011. Shekara ashirin da ɗaya, mafi yawan aikin kuma 'yan sa-kai ne suka yi a ranakun hutunsu.

Duk wannan ina jinsa ne kamar labari, har sai da na hango wani dattijo sanye da shuɗin kayan aiki, ya durƙusa gefen wani kan jirgi yana ɗiga masa mai da wani gwangwani mai dogon baki. Wallahi sai da gabana ya faɗi. Irin gwangwanin nan sak akwai shi a ɗakin kakana na wajen uwa a Zariya. Muna yara muna cika shi da ruwa muna wasa, yana korar mu.

Kakan nawa ma'aikacin reluwe ne. Abin da na sani ke nan. An ce shi ne mai zuba wa jirgi kwal. Ina aji uku a sakandare ya rasu, kuma ban taɓa zama na tambaye shi ko da tambaya ɗaya game da aikinsa ba. Ni a lokacin gani nake yi ai leburanci ne, ɗiban kwal da shebur, me za a tambaya?

Na gaya wa dattijon haka. Ya ajiye gwangwanin, ya ce in biyo shi. Muka hau wani kan jirgi da aka hura, ya buɗe bakin murhun. Zafin da ya bugi fuskata sai da na ja da baya. Ya ce min mai zuba kwal shi ke yin ƙarfin jirgi, direba kashewa kawai yake yi. Ba a jibga kwal haka kawai. Kaɗan-kaɗan ake watsawa, kowane shebur da inda ake so ya sauka, kusurwa da gefe da gaba, don kada wutar ta yi rami iska mai sanyi ta shiga. Hayaƙi ya yi baƙi ƙirin, ka cika kwal kana asara. Ido ɗaya yana kan ma'aunin tururi, ɗaya yana kan gilashin da ke nuna ruwan tukunya, domin in ruwa ya yi ƙasa ya bar saman murhu a bushe, rayuka ne a kai. Sannan dole ka haddace hanya, ka san inda hawa yake, ka gina wutarka tun kafin a iso. Duk wannan a tsaye, jirgi yana jijjiga. Ya ce a da sai yaro ya yi shekaru yana goge jirgi kafin a ba shi shebur, ya ƙara wasu shekarun kafin ya zama direba.

Ya miƙo min shebur ɗin. Na ɗebo, na wurga, rabin kwal ɗin ya daki bakin murhu ya zube a ƙafafunmu. Yaran abokina suka yi ta dariya. Ni ma na yi, amma a cikina kunya ce. Mutumin da na raina wa sana'a ya yi wannan a zafin Arewa, shekara da shekaru, ya ciyar da gida da shi.

Na tambayi dattijon yaushe za su gama gyaran jiragen nan. Ya yi murmushi ya ce ba a gamawa. Tukunyar jirgi wa'adin kusan shekara goma take da shi, in ya cika dole a kashe wuta, a kwance ta, a duba, a sake abin da ya ci. Shi kansa King Edward II da aka sha wahalar shekara ashirin da ɗaya a kansa, wa'adinsa ya cika, yana tsaye. Ga kuma matsalar kwal. Babbar mahaƙar Ffos-y-fran ta Wales, wadda irin waɗannan wurare suka dogara da ita, an rufe ta a ƙarshen 2023, yanzu sai an nemo daga waje. Amma ya ce duk wannan ba shi ne ke hana shi barci ba. Ƙarfe ana iya zuba sabo. Mutanen da suka yi aikin tun ana yin sa don albashi su ne ke ƙarewa, kuma akwai abin da ba ya cikin littafi, kamar jin ƙarar guduma a jikin tukunya ka gane inda ta tsage. Shi ya sa na ga kusan kowane tsoho a wurin da matashi a gefensa, har da 'yan mata, hannu baƙi ƙirin da giris.

Kada wani ya ce na je na rikice da kayan Turawa. Na san dalilin da ya sa aka kawo dogo Kano a 1911. Amfanin gonarmu ake so ya isa teku, auduga suka hango, gyaɗa ta zo ta cika taragun. Ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka rufe a 1957, don kuza aka yi shi. Kwal ɗin da kakana ya zuba daga Inugu yake fitowa, inda a 1949 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe mahaƙa 21 a Iva Valley suna yajin aiki. Wannan duk gaskiya ne. Amma hannun da ya riƙe shebur ɗin namu ne, ilimin da ke cikin hannun ma namu ne, kuma shi ne muka bari ya tafi ba mu rubuta ba.

Da daddare na kira mahaifiyata. Na ce, "Umma, wai ina gwangwanin man nan na Baba Tsoho?" Ta yi shiru, ta ce, "Ai tun bayan rasuwarsa aka haɗa da tarkace aka ba 'yan gwangwan. Me ya tuno maka da shi?" Na ba ta labari. Sai ga shi ta ɓarke da hira: yadda yake dawowa idanu jajur, yadda ba a iya wanke kayansa da na kowa, tabon ƙuna a damtsensa, yadda yake gane direban da ke shigowa gari daga jin busar jirgi kawai. Mun fi awa ɗaya. Shekara nawa ina tare da ita, ban taɓa jin ko ɗaya ba, don ban taɓa tambaya ba.

Yanzu muna ta maganar sababbin layuka, na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, da na Kano zuwa Maraɗi da ake kan yi. Madalla. A Ebute Metta ta Legas kuma akwai ɗan gidan tarihin reluwe a Jaekel House, wanda ya samu hali ya leƙa. Ni dai roƙona ƙarami ne. A Zariya, Kaduna, Kafanchan, Minna, Gusau, Nguru, har yanzu akwai tsofaffin ma'aikatan reluwe a zaure suna jan carbi. In akwai ɗaya a gidanku ko unguwarku, ɗauki wayar nan da kake karanta ni da ita, ka je ka gaishe shi, ka kunna rikoda, ka ce, "Baba, yaya aikin nan yake?" In akwai tsohon hoto, ko hula, ko fitila, ko takardar aiki, a adana.

Ni na makara. Sai da na zo har Ingila wani baƙo ya nuna min aikin kakana.

Allah ya jiƙan Baba Tsoho, ya gafarta masa, da dukkan magabatanmu. Amin.