Ladabin Baƙo a Bakin Binuwai

A kan hanyarmu ta zuwa Marwa muka yada zango a Garwa, inda muhawara ta kaure a zauren mai masaukinmu: shin Japanawa sun fi Turawa ladabi? Wani dattijo ya kafa hujja da marigayi Eguci, Bajapanen da ya zauna cikin Fulanin Marwa, ya koyi Fulatanci, ya tattara tatsuniyoyinsu. Muka tuna masa da Barth, Bajamushen da ya ƙetare Binuwai a 1851, mai jin Hausa, wanda ake kira Abdulkarim. Dukansu biyu sun ƙanƙan da kai, sun koyi harshen masu gida. To, 'ya'yanmu da ke tafiya karatu Yawunde da Faransa, wane ladabi muka yi musu guzuri? Allah Ya shirya mana zuri'a.