Ƙirjin da Ake Daka a Ciki

Idan Bahaushe ya ce ƙunar zuciya, baƙin ciki yake nufi. Amma akwai ƙunar zuciya ta zahiri, wadda wuta ke yi wa tsokar da ke bugawa a ƙirji ko da harshenta bai kai wajen ba. A gidanmu muka san ta.

Ƙanena yana da shekara 9 risho ya fashe da shi a kicin. Wuta ta ci bayansa da cikinsa har cinyoyi, kusan kashi 40 cikin 100 na jikinsa, in ji likitoci. Wata huɗu ya yi a asibiti, aka yi masa dashen fata sau uku. Da aka sallamo shi gida ya cika da 'yan barka, kowa tabo yake dubawa yana cewa ai ya warke sarai. Inna ce, da yake ita ke kwana kusa da shi, ta tare ni wata asuba: "Zo ka sa hannu a ƙirjin ɗan nan. Kamar ana daka a ciki." Barci yake yi, amma zuciyarsa na gudun wanda kare ya biyo. Ga shi da cin tuwon mutum biyu, kullum sai ƙara ramewa.

Abin yana da dalili. A kwana biyun farko na babbar ƙuna, ruwan jini kan tsiyaye daga jijiyoyi ya shiga nama, zuciya ta rasa abin harbawa, ƙarfinta ya faɗi. Shi ya sa ake ta ƙarin ruwa. Daga nan sai jiki ya juya. Sinadaran firgici irin su adirenalin su cika jini, jiki ya yi ta ƙone abinci, har da tsokarsa, don ya rufe raunin. Zuciya kuwa ita ce jakin da ake labta wa wannan kaya, ba dare ba rana.

Rufewar fata ba ta sauke mata kayan. A asibitin yara na Shriners da ke Galveston a Amurka, likitoci sun bi sawun yaran da suka yi mummunar ƙuna, suka ga wannan hali na iya kaiwa shekara 3. A can ne Dakta David Herndon da abokan aikinsa suka nuna, a 2001, cewa propranolol, tsohon maganin hawan jini mai araha, yana rage gudun zuciyar da zaizayewar tsoka. A 2017 kuma aka duba waɗanda suka ƙone tun suna yara, bayan sama da shekara 10. Da yawansu zuciyar ba ta matsawa ko sakewa yadda ya kamata, wasu har da tabo a cikin tsokarta, kuma suna saurin gajiya.

Yanzu ƙanena shekararsa 24. Idan ya hau bene sai ya dafa bango ya numfasa, abokansa su ce ragwanci ne, shi kuma ya yi dariya ya bar su. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, duk komawar da muka yi asibiti a shekarun nan, gwiwarsa ake lanƙwasawa a ga ko tabo ya ɗaure ta. Hoton zuciya sai da muka roƙa da bakinmu, muka biya daga aljihunmu.

Shi ya sa na kasa barci a watan Oktoba na 2024, da tankar mai ta fashe a Majiya ta jihar Jigawa, mutum sama da 150 suka rasu. An ƙirga mamata, an ƙirga waɗanda aka sallama daga asibiti, labari ya wuce. Waɗanda suka tsira da babbar ƙuna a daren nan, shekara ukun zuciyarsu ba za ta cika ba sai Oktoban 2027.