Andare: Aikatau Mai Saiwa Biyu

Duk wanda ya yi makarantar boko a Nijar ya san wahalar jujjuya aikatau. Mun taso da littafin Bescherelle a hammata, muna rera je vais, tu vas, il va, nous allons kamar masu karatun allo. Abin da aka ɗora mu a kai shi ne cewa aikatau iri biyu ne: akwai masu bin ƙa'ida, akwai kuma bauɗaɗɗu, waɗanda ba su da magani sai hadda. Yaron da ya tambayi dalilin da ya sa vais ta koma allons, amsar da zai samu ita ce haka abin yake. Ina ganin wannan amsa ta yi wa ɗalibin ilimin harshe kaɗan, kuma aikatau guda na Italiyanci ne ya tabbatar mini da haka.

Na shiga koyon Italiyanci ne domin in iya karanta abin da ake rubutawa a kan Hausa a jami'ar L'Orientale ta birnin Napoli, inda aka daɗe ana koyar da harshenmu. Rukunin aikatau mafi girma a wannan harshe shi ne na masu ƙarewa da -are, kuma rukuni ne mai ladabi. Idan ka san parlare, wato yin magana, ka san dubbai. Guda huɗu kawai suka yi fice da bauɗiya a cikinsa: andare, dare, fare da stare. Na farkon, wanda ke nufin tafiya, shi ne ya fi ɗaukar hankalina.

Ga yadda yake a lokaci mai ci: vado, vai, va a tilo, sai andiamo, andate, vanno a jam'i. Siffofi shida, huɗu sun fara da v, biyu sun fara da and. Babu wata dokar sauti da za ta mayar da and ta zama v, domin tun asali ba kalma ɗaya ba ce. Masu v sun fito daga aikatau na Latinanci vadere. Masu and kuwa masana sun kasu a kansu, wasu na kai su ga ambitare, wasu ga ambulare. Kalmomi biyu ne suka haɗa gida, kowace ta kama ɗakunanta. Latinanci yana da nasa aikatau na tafiya, ire, amma siffofinsa gajeru ne ƙwarai, irin su eo, is, it, suka yi ta sirancewa a bakin mutane har wasu suka maye gurbinsu. Faransanci ya adana guntunsa a j'irai, shi ya sa aller ke da saiwa uku, andare ke da biyu.

Tambayar da ta dame ni ita ce, wa ya raba musu ɗakunan? Me ya sa mu da ku suka ɗauki and, alhali su suka bi tilo? Jadawali bai ba ni amsa ba sai da na rufe littafin na furta kalmomin da ƙarfi. Italiyanci harshe ne mai ɗora nauyin furuci a kan gaɓa ɗaya ta kalma. A vado, vai, va da vanno nauyin yana kan saiwa. A andiamo da andate ya sauka a kan ɗafa-ƙeya. Duk inda nauyi ya hau saiwa, v ce ke zaune. Duk inda ya bar ta, and ce.

Da na riƙe wannan zare, sai sauran jadawalin ya warware. Shuɗaɗɗen lokaci mai ɗorewa, wanda suke kira imperfetto, nauyinsa ba ya hawa saiwa ko sau ɗaya: andavo, andavi, andava, andavamo, andavate, andavano. Babu v ta vadere a farkon ko ɗaya. Haka shuɗaɗɗen lokaci mai nisa na labarai da littattafai: andai, andasti, andò, andammo, andaste, andarono. Amma da aka zo yanayin fata da shakka, congiuntivo, sai rabon ya dawo daidai yadda yake a farko: vada, vada, vada, andiamo, andiate, vadano. A umurni ma haka: vai ko va' ga mutum ɗaya, vada ga wanda ake girmamawa, andiamo idan ana cewa mu tafi, andate ga jama'a.

Rabon nan ba na andare kaɗai ba ne. Uscire, fita, yana ba da esco, esci, esce, usciamo, uscite, escono. Udire, ji, yana ba da odo, odi, ode, udiamo, udite, odono. Sedere, zama, yana ba da siedo, siedi, siede, sediamo, sedete, siedono. Na ƙarshen nan shi ne ke tona asirin. Gajeren wasalin e na Latinanci ya rikiɗe ya zama ie a buɗaɗɗiyar gaɓa mai nauyi, ya zauna yadda yake a gaɓa marar nauyi. Sauyin sauti ne zalla, amma ya bar sawu a jikin aikatau masu yawa: tilo uku da mutum na uku na jam'i a gefe guda, saura a ɗaya gefen. Masu magana suka saba da wannan sawu har ya zama mazubi. Lokacin da vadere da abokin zamansa suka haɗu, cikin mazubin da suka tarar suka zuba. Martin Maiden na jami'ar Oxford ya yi dogon nazari a kan wannan tsari cikin littafinsa na 2018 a kan aikatau na harsunan da suka fito daga Latinanci, inda ya nuna cewa tsarin ya rayu da kansa bayan dalilin sautin da ya haife shi ya gushe. Malaman aji kuwa suna kiransa takalmi, domin idan ka jera tilo a hagu, jam'i a dama, ka zagaye siffofin huɗu da alƙalami, zanen doguwar takalmi ne ke fitowa.

Lokaci mai zuwa yana ɗauke da nasa tarihin. Ana cewa andrò, andrai, andrà, andremo, andrete, andranno. Ka ajiye su kusa da aikatau na mallaka, avere: ho, hai, ha, hanno. Ɗafa-ƙeyar nan tsohuwar kalma ce mai zaman kanta, ma'anarta ina da tafiya a gabana, ta manne ta zama ɗafi. Da ya bi parlerò sau da ƙafa da an ce anderò, amma yawan amfani ya cinye wasalin tsakiya. Yanayin sharaɗi, andrei, andresti, andrebbe, daga shuɗaɗɗen lokacin avere aka gina shi, kuma ebbe tana nan a fili cikin andrebbe. A shuɗaɗɗen lokaci na kusa kuma andare yana tafiya da essere, har jinsi ya bayyana: namiji ya ce sono andato, mace ta ce sono andata.

Su kansu Italiyawa sun sha jan wannan aikatau zuwa ga ƙa'ida, ta fuska biyu. Dante, wanda ya rasu a 1321, ya yi amfani da siffar andi a waƙa ta huɗu ta Inferno, wato ya kai saiwar and ɗakin da ba nata ba. A zamaninmu kuma ana jin vadi maimakon vada, bisa kwaikwayon parli, har ɗan wasan barkwanci Paolo Villaggio ya mayar da ita abin dariya a finafinan Fantozzi da suka fara fitowa a 1975. Duk biyun ba su kawar da vada ba. Kalmar da ake furtawa sau ɗari a wuni tana shiga kunnen yaro tun kafin ya san wata ƙa'ida, saboda haka ƙa'ida ba ta samun ƙofar shiga. Shi ya sa bauɗiya ta fi taruwa a kan tafiya, zama, yi, bayarwa da faɗi.

A nan ne na waiwayo gida. Na sha jin ƴan boko suna cewa Hausa ba ta da jujjuya aikatau, domin a na je, zan je, nakan je, in je, kalmar je ba ta motsa ba. Gaskiya ne cewa aikin da Italiyanci ke ɗora wa ƙeyar aikatau, Hausa lamirin da ke gabansa take ɗora wa. Amma a gwada lokaci mai ci. Ba wanda ke cewa ina je. Ina zuwa ake cewa, kuma wannan zuwa ɗin ita ce ta zo. Aikatau biyu masu kishiyantar juna sun haɗu a siffa ɗaya, har ina zuwa tana iya nufin gabatowa ko nisantawa, sai wurin magana ya raba gardama. Ga kuma za ni kasuwa, inda lamiri ya koma baya, ga je ka, ga ya ka da ya ki na kiran mutum. Wannan za ta tafiya ita ce muke ji a za mu ci, kamar yadda Faransanci ke cewa je vais manger. Italiyanci bai bi wannan hanya ba: vado a mangiare tafiya ce ta ƙafa zuwa wurin abinci.

Da yawa daga cikinmu za su ƙare a gaban allo, ko a teburin rubuta littattafan nahawun Hausa na makarantu. Ranar da yaro zai ɗaga hannu ya tambayi dalilin da ya sa ake cewa na je amma ina zuwa, tsohuwar amsar nan ta haka abin yake tana kusa da baki, kuma ba ta da wahalar faɗi. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron ya ga abin da masu nazari ke gani, kuma haƙƙinsa ne a zauna da shi a jera je, zo, tafi, taho da za a kan allo, a duba inda kowace ke shiga da inda take janyewa ta bar wa ƴar'uwarta wuri.