Jinin Da Ya Dawo Bayan Haila Ta Ɗauke

'Yan'uwana mata, yau zancen iyayenmu na kawo muku, ko da yake ni yarinya ce, aikina kuwa koyarwa, ba likitanci ba.

Cikin Oktoba 2023 aka soma yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar rigakafin sankarar bakin mahaifa a Nijeriya. Madalla, ɗalibaina sun sami rabonsu. Amma kakanninsu fa? Mace idan ta bar haihuwa ta bar zuwa awo, shi ke nan ta rabu da asibiti. Alhali ƙwayar cutar nan da ake kira HPV takan yi shekara 15 zuwa 20 a jiki, shiru, kafin ta zama sankara. Watau abin da mace ta ɗauka tana da talatin, sai ta kai hamsin ya bayyana.

To, ga abin da nake so kowa ta riƙe. Tsohuwa idan haila ta ɗauke mata shekara guda cur, sa'an nan ta ga jini, ko ɗigo ne, ko wani ruwa mai wari, wannan ba haila ce ta dawo ba. Ba kullum yake zama sankara ba, amma likita kaɗai ke iya rarrabewa. Jiƙo da hayaƙi ɓata lokaci ne.

Gwajin da aka saba yi, na shafa ruwan kal a bakin mahaifa a ga ko wuri zai yi fari, bai cika yi wa tsofaffi amfani ba, domin bayan ɗaukewar haila wurin da ciwon ke tsirowa yakan shige ciki, ido ba ya kai wa gare shi. Gwajin neman ƙwayar cutar kanta ya fi, inda ya samu. Mace ma tana iya ɗibar abin gwajin da hannunta, da ɗan tsinke mai auduga, ba wanda ya buɗe ta. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a kula da masu shekara 50 zuwa 65 waɗanda ba a taɓa gwadawa ba.

Saura kunya, ita ce babbar. Uwar da ba ta ko kama sunan 'yarta ta fari, yaya za ta gaya mata irin wannan? Ni 'yar fari ce, na sani. Saboda haka goggo na aika ta tambayi Inna, su biyu a ɗaki, ni kuwa nawa kuɗin mota.