Zauren Baƙi a Ƙauyenmu



Ya 'yan uwa, kullum na ji malamai na ba da labarin Ahlus Suffa, talakawan sahabbai irin su Abu Huraira (RA) da suka zauna a rumfar masallacin Manzon Allah (SAW) a Madina, sai zauren kakana ya faɗo mini a rai, can ƙauyenmu na ƙasar Birnin Gwari, a gefen dajin Kamuku.

Ginin tubali ne na jar ƙasa, da kauri ƙwarai, har idan rana ta take ka shiga sai ka ji sanyi kamar ka leƙa randa. An jera azara an yi masa rufin soro, da indararo biyu masu zubar da ruwa nesa da bango. Ƙofar waje ba ta da ƙyaure, ta ciki kuwa an kauce da ita gefe, don kada idon baƙo ya faɗa tsakar gida. Sai dakali, da buzu, da tulun ruwa. Kowace kaka, bayan an sa dawa a rumbu, a kwaɓa ƙasa a yi masa yaɓe.

Ƙasar nan tsohuwar hanyar fatake ce; ko Baturen nan Clapperton ta Birnin Gwari ya ratsa a 1826 kan hanyarsa ta Zariya. Amma a zamanin kakana masu kwana a zauren su ne matafiyin da guzuri ya yanke wa, da almajiri, da wani makaho da ya shekara bakwai tare da mu har Allah ya karɓi abinsa. Akushin tuwonsa ake fara fitarwa kafin namu. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, har ƙorafi nakan yi.

Da 'yan bindiga suka cika dajin, sai baƙo ya zama abin tsoro. Wani dare wani dattijo ya yi sallama, ni da bakina na ce masa babu wuri, don gudun kada ɗan leƙen asiri ne. Na san Suratut Tauba ta sa matafiyi cikin masu haƙƙin zakka, amma haka na bar shi ya juya cikin duhu.

Bayan sulhun ƙarshen 2024 na koma ƙauyen. Rufin ya rufta, gara ta cinye azarar, bangon gabas kaɗai ke tsaye. Na tambayi duk wanda na tarar ko ya ga dattijon nan, babu wanda ya tuna shi.